Ƙugiyar Malam Baƙo

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Malam Baƙo katin biki ya san abin da zai biyo baya. Ba zai duba rana ba, ba zai tambayi 'yar wa za a aurar ba. Baƙin biron nan zai zaro daga bayan kunne, ya dafa katin a gwiwa, ya shiga farautar haruffa. Inda aka buga "daurin aure" ya yi wa d ƙugiya, inda aka buga "karfe goma" ya lanƙwasa wa k kai. Sai ya gama tsaf, sannan ya ɗago ya ce, "Yauwa, yanzu ka gayyace ni. Ɗazu ban san me kake faɗa ba."

Ni Talatu na fi kowa shan wannan magani, don taubashina ne, uwarsa ƙanwar babana ce. Tun muna yara muke tsokanar juna, sai kuma Allah ya haɗa mu aiki a ofis ɗaya, reshen Gwaram na ƙungiyarmu ta manoma da makiyaya. Ni ce mai kula da ɗakin magungunan dabbobi, shi ne mai kwamfuta. Ko takardar cefane na ajiye a kan tebur, kafin in juyo ya yi mata ƙugiyoyi.

Kun tuna ranar da ya tsayar da motar itace a tasha? Wallahi ina wurin! An rubuta wa motar karin magana a goshi da jan fenti: KARYA FURE TAKE BA TA 'YA'YA. Baƙo ya sha gabanta yana ɗaga hannu kamar ɗan sanda. Direba ya taka birki, ya leƙo a fusace.

"Malam, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Wa ya ce maka karya ba ta 'ya'ya? Ta maƙwabcinmu shida ta haifa jiya!"

"To ai ƙarya ake nufi, Malam, ƙarya!"

"In ƙarya kake nufi, ka rubuta ƙarya. Kada ka yi wa karya ƙarya."

Bai bar wurin ba sai da ya taka taya ya hau, ya yi wa K ɗin nan ƙugiya da biro. Biro a kan fenti, ko daga taku biyu ba a gani. Amma ya sauko yana karkaɗe hannu, ransa fes.

To, kwamfutar da yake aiki da ita, ni na raɗa mata suna. Tsohuwa ce tukuf, kwance aka yi mana daga wani ofis a Kano shekarar da aka yanke mana Jigawa, don haka yake cewa ita da jiha sa'o'in juna ne. Fuskarta baƙa, rubutunta kore, in an kunna ta sai ta yi tari ta yi gyaran murya kafin ta farka. A cikinta sunan kowane ɗan ƙungiya yake, da gonarsa, da shanunsa, da ranar da aka yi musu allura. Da na ga yadda yake lulluɓe ta da zane in an tashi, yake gaishe ta da safe, sai na ce, "Kai Baƙo, ko gwaggona da ta haife ka ba ta samu wannan hidima ba." Shi ke nan, suna ya bi ta. Har mutanen Fagam in sun zo sai su ce a duba musu a wurin Gwaggo.

Firintarta kuwa irin mai allurai ce, ɗigo-ɗigo take rubutu, tana ƙara kamar ana yanka kwano. Tana aiki da wani ƙyalle mai tawada, wanda in ya bushe sai an je Kano an sayo sabo. Baƙo ya ce shi ba zai yi wannan almubazzaranci ba. Ya dafa tawadar allo da kansa, ya ɗiga mata man gyaɗa wai don ta yi santsi, ya jiƙa ƙyallen ya mayar. Rubutu ya fito raɗau, na yarda. Amma ofis ya ɗauki ƙamshin ƙuli-ƙuli, kuma kwana biyu ɓeraye suka cinye rabin rahoton damina.

Na ce, "To ga shi nan, sarkin dabara."

Ya duba abin da ya rage, ya gyaɗa kai ya ce, "Talatu, tunda muke buga rahoton nan, yau ne na ga waɗanda suka ci shi da marmari."

Aibin Gwaggo ɗaya ne a wurinsa: ba ta san ƙugiya ba. Turawan da suka ƙera ta ba su san da ƙ da ɗ da ɓ a duniya ba. Saboda haka duk rahoton da ta buga, sai ya zauna ya bi shi layi-layi da biro kafin a aika wa shugaban ƙungiya a Birnin Kudu, Alhaji Ɗanjuma. Hannunsa ya saba har ya fi idonsa sauri, kuma nan ne ya taɓa jawo mana abin da har yau ake ba da labari.

Wakilinmu na Farin Dutse ya aiko da saƙo, Gwaggo ta buga: "Manoma da makiyaya duk suna fada tun safe." Baƙo ya zo kan kalmar, biro ya yi aikinsa, fada ta koma faɗa. Takarda ta isa Birnin Kudu. Innalillahi! Alhaji Ɗanjuma ya bar tuwo a kwano, ya ɗebo 'yan sanda, ya biyo ta kanmu ya ce in kwaso auduga da aidin. Muka ɗauki hanya, mota na tsalle, Alhaji na salati. Muna isa muka tarar da su zaune a fadar dagaci, an baje tabarmi, ana damun fura, ana shawarar ranar allurar shanu. Wani dattijon makiyayi ya ga 'yan sanda, ya matsa ya ce, "Bisimilla, akwai ludayi."

Muna hanyar dawowa, sai Baƙo ya yi gyaran murya. Ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ai gara a zo a tarar da fada, da a zauna a ji faɗa."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya dai ajiye abin a ransa.

Ana nan, sai zamani ya zo. Aka kawo sabuwar kwamfuta babban ofis na Birnin Kudu, mai launi, da sabuwar manhajar ajiye bayanai, aka ɗauko wata Malama Rifkatu daga wajen Bauci ta riƙa sarrafa ta. Wannan sabuwa ta san ƙugiya sarai. Aka ce daga yanzu a can za a riƙa haɗa rahoto, a zuba a faifai, a kawo mana Gwaram, Gwaggo ta karanta ta haɗa da nata bayanan ta buga wa mutanenmu. Ranar da Baƙo ya ga ƙ a fuskar kwamfuta, ba biro ba komai, sai da ya cire hula. Ya ce, "Ashe zan ga wannan rana!"

Murna ta koma ciki ranar da faifan farko ya iso. Gwaggo ta karɓa, ta yi tari, ta fara bugawa. Jama'a! Ashe duk harafin da ba ta sani ba, ba ta tambaya, haɗiye shi take yi. Kaji sun yi ƙwai ya koma "kaji sun yi wai". Akuya ɗaya ta koma "akuya aya". Shi kansa ya zama "Malam Bao". Ga shi kuma sabon rahoton ya fi takardarta faɗi, sai ta riƙa datse duk abin da ya yi mata tsawo. Farin Dutse ya koma "Farin Du". Birnin Kudu ya koma "Birnin Ku".

Duk wannan da sauƙi. A can sama, inda sunan shugaba yake da manyan baƙaƙe, Gwaggo ta haɗiye Ɗ ɗin Ɗanjuma, ta buga: ALHAJI ANJUMA.

Kun san Alhaji, Allah ya ƙara masa lafiya, mutumin kirki ne, amma in ka kai masa buƙata amsarsa ɗaya ce: "To, an jima." Na ce wa Baƙo ya ɓoye takardar nan. Kafin ya naɗe ta, wani mai sayen maganin tsutsa ya riga ya karanta, kuma ranar kasuwa ce. Kafin la'asar, daga 'yan hatsi har 'yan kara ba wanda bai san Alhaji An-jima ba.

Washegari sai ga shi da kansa, ko gaisuwar kirki babu.

"Malam Baƙo, wancan karon ka sa na kwashi 'yan sanda zuwa shan fura. Yanzu kuma akwatin nan naka ya raɗa mini suna."

"Ranka ya daɗe, ba da gangan ta yi ba. Tsufa ne."

"To tsufan ya ishe ni. Ranar babban taro za ta buga rahoton shekara a gaban kowa, yadda sabuwa ta tsara shi, da sunana cikakke. Kuma ban yarda da biro ba! In ta kasa, 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa za su zo su ɗauke ta, a riƙa bugo muku komai daga Birnin Kudu."

Baƙo ya miƙe tsaye, ya dafa kan Gwaggo. Ya ce, "Wallahi, ranar da aka sallame ta ta fita ta ƙofar nan, ni ma na fita, ba kuwa zan dawo ba."

Na san shi, bai taɓa yin kaffarar rantsuwa ba, don bai taɓa karya ta ba. Mutum ne da ba gona, ba shago, ba abin da ya iya sai wannan aiki, ga iyali. Da Alhaji ya fita na rufe shi da faɗa, mai ƙugiya. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Za ka rantse a kan ƙarfe?"

Ya ce, "Talatu, shanun mutane na cikinta tun kakanninsu. Wadda ta riƙe amana shekara da shekaru ba a sayar da ita a kan sikeli."

Ya kwashe kwanaki yana fama shi kaɗai, ya rame, har biro ya daina zarowa. Na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na ce ya je ya ga Malama Rifkatu. Ya ce shi ba zai kai ƙarar Gwaggo wurin 'yar cikinta ba. Na ce to ni zan je in ce ya kasa. Kafin in rufe baki ya sa takalmi.

Tare muka je. Rifkatu ta tarbe mu da ruwan sanyi, ta saurare shi har ya gama. Ita ma ashe abin ya dame ta, don ta gwada duk hanyar da ta sani ba ta samu ba. Ta ce, "Baba Malam, faɗin ba matsala ba ne, zan iya sa tawa ta karya dogon layi gida biyu. Haruffan ne. Taka ba za ta taɓa karɓar abin da ba a haife ta da shi ba. Sai dai in a aika mata wani abu da ta sani a madadinsu."

Baƙo ya tsura wa madannan kwamfuta ido. Can sai ya sa yatsa a kan wani harafi.

"Malama, wannan q ɗin, wane aiki yake yi a Hausa?"

"Babu."

"Wannan x ɗin fa? Da v?"

"Su ma babu."

Ya daka tsalle, wallahi sai da kujera ta faɗi! "Zauna-gari-banza ne! Shekara da shekaru suna zaune a kan madannai suna cin bulus! To yau sun samu aiki!"

Nan suka ƙulla. Rifkatu za ta sa sabuwa, kafin ta zuba rahoto a faifai, ta mayar da kowace ƙ ta zama q, ɗ ta zama x, ɓ ta zama v. Gwaggo ta san waɗannan, ba za ta haɗiye su ba. Saura firinta. Rifkatu ta binciko a littafin firintar cewa ana iya koya mata sabon zanen harafi, a ce mata in ta ga q ta ɗiga ƙ a maimakonsa. Amma wa zai zana harafi ɗigo-ɗigo? Baƙo ya yi murmushi. Babansa maɗinkin hula ne, shi kuwa tun yana yaro yake ƙirga gidajen zare. Ya ja layuka a takarda kamar zai fitar da zanen hula, ya zauna yana cike gidaje, yana gogewa, yana ƙorafin wai wuyan ɗ bai yi kyau ba. A fuskar Gwaggo dai sunansa ya koma "Baqo". Na riƙa kiransa haka har ya yi fushi.

Matsala ɗaya ta rage: firintar ba ta da riƙo. Da an kashe ta sai ta manta karatun, sai an sake ɗora mata daga farko. Baƙo ya ce ba komai, ko mahaddaci sai da tilawa.

Ranar taro aka fito da Gwaggo tsakar fili a kan tebur, an ja mata waya daga janareta. Mutanen Fagam, na Farin Dutse, na Kangire, duk sun hallara. Alhaji na zaune a gaba da babbar riga. Can gefe kuwa, ina ganin wani ɗan gwangwan da kurarsa, wai shi ma taro ya zo. Baƙo ya ɗora wa firinta karatunta, ya sa faifai, ya ɗaga yatsa zai danna. Sai janareta ta yi tari ta mutu.

Aka yi ca a kanta, aka ja, aka ja, ta tashi. Baƙo duk ya jiƙe da gumi. Ya kunna Gwaggo, ya danna da sauri. Ni ina ganinsa, na san ya manta tilawa, amma kafin in yi magana firinta ta fara yanka kwano. Takarda ta fito da X a mazaunin Ɗ. Wani mai karambani ya leƙa, ya karanta da ƙarfi:

"Alhaji… Eksanjuma?"

Fili ya kece da dariya. Ɗan gwangwan ya miƙe ya fara gyara igiya. Alhaji ya haɗe rai ya ce, "Malam Baƙo, an gama?"

Amma bakin Baƙo bai mutu ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara nawa kana ce mana an jima muna haƙuri? Yau ni ma ina roƙo. An jima kaɗan."

Aka sake fashewa, har Alhaji ya kasa riƙe tasa, ya rufe baki da hannun riga. Ya ce, "Na ba ka."

Baƙo ya yi bisimilla, ya ɗora karatun a natse, ya danna. Ƙiiii, ƙiiii. Ya yage takardar, bai ko duba ba, ya kai wa Alhaji da hannu biyu. Alhaji ya sa tabarau. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, ALHAJI ƊANJUMA, Ɗ ɗin da ƙugiyarta kamar an ɗinka da zare. Ya lashi yatsa ya goga ko biro ne. Bai gogu ba.

Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba! Rifkatu ta rungume ni tana tsalle, makiyaya na ɗaga sanduna, kaji suka koma yin ƙwai, akuya ta koma ɗaya, Farin Dutse ya fito da dutsensa. Ɗan gwangwan ya ja kurarsa ya tafi ba sallama. Baƙo kuwa ya juya baya wai yana gyara wa Gwaggo zane, amma na ga yana share ido.

Alhaji na cikin karatu sai ya tsaya. "Malam Baƙo, nan fa? Har yanzu Birnin Ku ta rubuta."

Rifkatu ta ce, "A'a, Baba Malam, ai na gyara wannan!"

Baƙo ya ce, "Kin gyara, na mayar. Wannan ba kuskure ba ne, ra'ayin Gwaggo ne. Ita 'yar Gwaram ce."

Haka ta ci gaba da bugawa har ya yi ritaya, kuma da zai tafi ƙungiya ta ba shi ita kyauta. Ta fita ta ƙofar nan, shi ma ya fita, rantsuwa ta cika ba wanda ya yi kuka. Tana zaurensa har yanzu, lulluɓe da zanenta.

Da Allah ya yi masa rasuwa, ranar sadakar uku, yaran ƙungiya suka kawo takardar ta'aziyya da suka bugo a wani shago, irin mai injin da bai san ƙugiya ba. Sun sa hotonsa, a ƙasa kuma suka sa rabin karin maganar nan ta baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ga yadda ta fito: BAKO RABA. Matarsa ta shiga ɗaki ta ɗauko biron, ta miƙo mini ta ce, "Yaya Talatu, gyara masa. Kin san ba zai so a bar shi haka ba."

Na dafa takardar a gwiwa yadda yake yi, na lanƙwasa wa K kai, sunansa ya dawo. Na kai biro kan B, sai hannuna ya tsaya. Raɓa ce, gaskiya, ta sauka ta tashi. Amma raba ɗin ma ba kuskure ba ne, don an raba mu. Na bar ta yadda take, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da shi.

Ɗan gwaggona, ka yafe mini wannan guda ɗaya. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya ba ka littafinka a hannun dama, ka duba daga farko har ƙarshe ba ka ga abin gyara ba. Amin.